Akuya da Igiya

Daren Laraba a Cleveland,
ƙanƙara na lasar gilashin taga.
Na share teburin kicin da bayan hannu,
na shimfiɗa takardu biyu gefe da gefe.
Thaddeus ya dawo daga tuƙin bas,
ya zauna, bai ko kwance takalmi ba.

Shekara goma sha ɗaya muna haya.
Na san tarin mai gida tun daga matakala,
na san inda rufi ke ɗiga, na san bokitin da ke tarba,
na san bangon da aka hana ni buga wa ƙusa.
Hoton aurenmu na nan jingine bayan kujera,
fuskokinmu na kallon ƙura.

Ta hagu tallafi ce.
Dala dubu goma sha biyar, ba biya, ba ruwa,
in ji matar ofis mai tabarau a goshi.
Sai da na kai shafi na huɗu
na taka wutsiyar zancen:
shekara goma cur ku kwana ku tashi a gidan,
ba sayarwa, ba zuba 'yan haya,
kuka ɗaga ƙafa, ku dawo da kuɗinmu.
An ba mu akuya,
an riƙe igiya.

Ta dama bashi ce, ba ta rufe fuska ba.
Ta ce ga ni, ga ruwana, ga ranar zuwana,
kowane wata zan ƙwanƙwasa ƙofa,
amma duk ranar da kuka so tafiya,
ku sayar, ku sallame ni, hanya taku ce.

Thaddeus ya ce, Araceli, wa ke ƙin kyauta?
Ya ja fensir a bayan ambulan,
ya tara, ya ɗebe, ya goge da ɗan yatsa:
dala ɗari da arba'in a wata.
Asabar biyu ke nan a bayan sitiyari,
gwiwar nan kuwa ta fara tsegumi.
Bashi hanji ne, na sani, yana cikin kowa,
amma nawa cikin ya cika.

Ban amsa ba. Hankalina na El Paso,
inda Mama ta bar tukunya a wuta sau biyu a wata guda,
inda ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu
sannan ta yi dariya, wai wasa take.
Shekara goma.
Wa ya ba ni shekara goma da zan jinginar?

Na buga mata waya, sha ɗaya ta wuce.
Na ce gidan na da ɗaki a ƙasa, Mama, babu hawa,
rana na shigowa da hantsi.
Ta ce, in bar kabarin ubanki wa zai share?
In bar ɓauren nan wa zai ba shi ruwa?
Sanyinku ba na tsofaffi ba ne.
Sai ta tambaye ni ko na ci abinci,
ta sake tambaya,
ta sake.

Da na ajiye wayar, Thaddeus na kallona.
Noemi ta yi barci a kan kafet,
rungume da zanen ɗakinta mai labule shuɗi.
Ya daɗe yana juya fensir.
Can ya sunkuya ya kwance takalmi,
ya tura mini ta dama da ɗan yatsa.
Ya ce, ƙofa ma abin saye ce, ashe.

Ran da muka tare, kafin a shigo da katifa,
na ari guduma wurin maƙwabci.
Bugu uku.
Ƙusar ta karkace, hoton ya ɗan kishingiɗa.
Na bar shi haka.
Akwatina ɗaya kuwa ban kwance ba,
yana nan kusa da ƙofa.